Yaya Hafsatu da Dillalan Littafi

Ranar Laraba mai zuwa Yaya Hafsatu za ta cika shekara takwas da rasuwa. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne na huɗu, akwai shekara goma sha ɗaya a tsakaninmu. Mutanen Bauchi da suka san ta, yawancinsu a matsayin malamar Turanci suka san ta, doguwar nan mai farin gilashi da ta daɗe tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, wadda idan ɗaliba ta ce ta gane sai ta ce, "To faɗa mini abin da kika gane." Kaɗan ne suka san ta rubuta littafi. Waɗanda suka san yadda ta sha fama kafin ta zaɓi mutumin da za ta miƙa wa littafin kuwa ba mu wuce mu uku ba: ni, da 'yarta Nana, da ƙawarta Malama Rifkatu da suke koyarwa tare. A kan wannan faman nake so in waiwaya a bana.

Littafin labarin kakarmu ne, wadda ta haifi Inna, muna ce mata Iya. Ungozoma ce a Ƙofar Ran. Rabin mutanen unguwarmu a hannunta suka faɗo, har daga barikin Shadawanka matan sojoji kan aiko a ɗauke ta, wasunsu ko Hausa ba su gama ji ba. Yaya ta sauya sunaye, ta ƙara abin da ta ƙara, ta mai da shi ƙagaggen labari da Turanci. Shekara shida ta yi tana rubuta shi, tsakanin duba takardun ɗalibai da renon Nana ita kaɗai bayan rasuwar mijinta.

Ranar da ta ce mini ta gama, na ɗauka abin da ya rage mai sauƙi ne. A kai wa masu ɗab'i a cikin gari, a buga, a kama ɗakin taro, a gayyato manya a ƙaddamar. Haka na ga ana yi. Ta ce a'a, ita so take littafin ya je inda ba a taɓa jin sunan Bauchi ba. Ta bayyana mini cewa a can ƙasashen waje manyan kamfanonin buga littafi ba sa karɓar rubutu daga hannun marubuci kai tsaye, sai ta hannun wakili. Shi zai karanta, idan ya yi masa ya ɗauka ya shiga da shi kamfani-kamfani har a samu mai so. Da yake ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, rabin rayuwata a kara, kasuwar dabbobi, na yi ta, sai na ce, "Wato dillali ke nan."

Ta yi dariya har sai da ta cire gilashi. Ta ce, "Shi ne fa, Garba. To kai da ka san kara, ka taɓa ganin an kai wa dillalin raƙuma akuya?"

Daga ranar ba mu ƙara kiransu da wani suna ba sai dillalai.

Yadda ta bi ta zaɓe su shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Malama Rifkatu tana da wa da ke koyarwa a jami'a, gidansa a Yelwa cike yake da littattafai. Daga can ake aro mata, wasu kuma ta tsinto wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi. Idan ta karanta littafi ya shige ta, sai ta juya shafin ƙarshe, inda marubuci ke jero waɗanda yake gode wa. A nan yawanci ake samun sunan dillalinsa. Sai ta rubuta sunan a wani littafin rubutu irin na ɗalibai. Littafin da bai burge ta ba, ko duniya ce ke yabonsa, ba ta duba bayansa.

Ranar Asabar da hantsi kuma ta hau keke zuwa wani shagon intanet a Yelwa, ta zauna cikin ɗalibai sa'annin 'yarta, ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wane irin labari mutumin ya ce yana nema? Littattafan da ya ɗauka sun fito kuwa? Ta karanta hirarrakin da aka yi da shi ta ji yadda yake magana a kan marubutansa. Wanda ya ce sai an biya shi kafin ya karanta, ta soke shi nan take. Akwai kuma wata dabara da na ji ta bakinta kaɗai: takan nemo littafi na biyu na marubucin ta duba. Idan har yanzu mutum ɗaya yake gode wa, ta sa alama. Idan suna ya canja, ta ce da dalili. Ta fara da sunaye arba'in da wani abu, bayan shekara ɗaya da rabi saura tara.

Ni abin ya ishe ni. Na ce mata imel ba ya cin kuɗin mota, ta rubuta wasiƙa ɗaya ta watsa wa duka arba'in ɗin, wanda Allah ya nufa ya amsa. Ta ce, "Idan wanda ba na so ne ya fara amsawa fa? Ka san ni, kunya za ta sa in ba shi." Ta zauna ta rubuta wasiƙa tara, kowace daban, a kowace ta ambaci littafin da ya kai ta ga mutumin da abin da ta gani a cikinsa.

Biyar daga cikinsu har yau ba su amsa ba. Biyu sun amsa da layi bibbiyu, sun gode, bai dace da su ba. Ban ga ta damu can ba, ta dai ja layi a kan sunayen.

Na takwas shi ne babba a cikinsu, mutumin da marubutansa suka ci kyaututtuka. Cikin mako uku ya nemi a turo masa littafin gaba ɗaya, bayan wata guda kuma ya kira ta a waya. Gidanmu ya ɗauki murna. Inna ta sa aka toya waina aka raba wa maƙwabta, duk da ba ta gama fahimtar abin da ake murna a kai ba. Ni kuwa har na faɗa wa mutanen ofis cewa yayata ta zama marubuciyar duniya.

Sai daga baya Yaya ta faɗa mini sauran maganar. Mutumin ya yaba rubutun ƙwarai, amma ya ce littafin ya cika sanyi. Masu karatu a can, in ji shi, idan suka ɗauki labari daga arewacin Najeriya akwai abin da suke sa ran gani. Yana so a rage babukan wankan jego da kunun kanwa da hirar mata a tsakar gida, a shigo da rikici, gari ya kama da wuta, ungozoma ta ɓoye matan sojoji a ɗakinta. Idan ta yi haka zai ɗauka.

Ba ta ƙi nan take ba, kuma ina so a san wannan, don kada a ɗauka waliyyiya nake kwatantawa. Tana son abin sosai. Ta zauna ta rubuta babin rikicin, ta kai wa Malama Rifkatu. Ita Malama Rifkatu 'yar kudancin jihar nan ce, ta taɓa kwana a daji da goyo lokacin wani tashin hankali a garinsu. Ta karanta, ta ajiye takardun a cinya ta ce, "Hafsatu, kin iya rubutu. Amma wannan ba ki gan shi ba, ni na gan shi, ba haka yake ba. Kuma na nemi Iya a ciki ban same ta ba."

Bayan kwana biyu Yaya ta rubuta wa mutumin ta gode masa, ta ce ba za ta iya ba.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi da ita ba. Na ce mata taurin kai ne, dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Na tashi na fita, na yi wata guda ban taka gidanta ba. Abin da ban sani ba shi ne, a lokacin likita ya riga ya faɗa mata sunan ciwon da ke cikinta. Ta san ba lalle ne ta ga wata damar ba, a haka ta ce a'a. Wannan watan da na ƙaurace mata shi ne abin da na fi nadama a rayuwata. Na gode wa Allah da ya sa na koma da ƙafata kafin ta kwanta, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ta tara a cikin dillalan wata mata ce da ke aiki ita kaɗai a wani ƙaramin ofis. Yaya ta samo sunanta ne a bayan wani siririn littafi a kan matan masunta. Ta nemi a turo mata littafin, daga nan wata bakwai ba a ƙara ji daga gare ta ba, a cikinsu Yaya ta rasu. Bayan sadakar arba'in Nana ta buɗe imel ɗin mahaifiyarta don ta sanar da waɗanda ba su ji ba, sai ta tarar da wasiƙa. Matar ta ba da haƙurin jinkiri. Ta ce ta karanta sau biyu. Ta tambayi dalilin da ya sa ungozoma ke binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta ce tana son ƙarin bayani a wurin, kuma babi na goma sha biyu an yi gaggawa a cikinsa, marubuciyar ta koma ta ba shi haƙƙinsa. A ƙarshe ta ce tana son ta wakilci littafin.

Nana ta kira ni tana kuka, na kasa gane ko na daɗi ne. Ni na rubuta amsar, da irin Turancina na ofis, na sanar da ita rasuwar. Matar ba ta janye ba. Ita da Nana da Malama Rifkatu suka gyara abin da za a iya gyarawa daga cikin takardun da Yaya ta bari, babi na goma sha biyu kuwa aka bar shi yadda yake. Shekara biyu tana yawo da littafin, kamfanoni da yawa suka ƙi, wani ƙarami ya karɓa. Bai ci kyauta ba, bai yi ƙara ba, ba mu yi arziki da shi ba. Amma ya fito da wankan jegonsa da kunun kanwarsa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Matasan da ke rubutu yanzu ba sa hawa keke zuwa ko'ina, sunayen dillalan duniya duka suna cikin wayarsu. Na ji ana tura wasiƙa ɗaya wa mutum ɗari kafin shayi ya huce, wasu ma na'ura ce ke rubuta musu wasiƙar. Akwai kuma 'yan damfara da ke bin yara a waya suna yabon littafin da ba su karanta ba. Na san da za ta yi tsaki a kan wannan. Amma ban jin za ta zama cikin masu cewa komai ya lalace. Matan da ke rubuta labari da Hausa suna sakin shi babi-babi a waya, masu karatu na amsa musu a ranar, babu dillali a tsakani, na tabbata da sun burge ta. Da ta shiga cikinsu ta karanta, ta kuma dame su da gyaran rubutu.

Wani lokaci tsofaffin ɗalibanta da suka fara rubutu kan zo su tambaye ni yadda ta yi. Ina faɗa musu gaskiya, hanyarta ba ta da tabbas. Bakwai cikin tara ba su so littafin ba, kuma ita kanta ba ta ga fitowarsa ba. Abin da na iya shaida kawai shi ne ta san littafinta, ta san irin mutumin da take nema, shi ya sa da ya zo a makare ma ya zo daidai.

Shekara takwas ta rage abubuwa da yawa. Muryarta ta fara ɓace mini, sai Nana ta yi dariya nake tuno ta. Ɗalibanta sun watsu, an ba wata malamar ajinta. Abin da ya rage a hannunmu shi ne littafin, kuma bana ya dawo gida ta hanyar da ba mu zata ba. Nana ta fara mai da shi Hausa. Duk Juma'a bayan la'asar takan zo Ƙofar Ran ta karanta wa Inna abin da ta fassara a makon. Inna ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau. Shekaru tana jin ana cewa 'yarta ta rubuta littafi a kan uwarta, sai yanzu take jin abin da ke ciki.

Makon jiya ina zaune a bakin ƙofa aka zo wurin da ungozoma ta tsaya a ƙofar bariki tana tsoron karen sojoji. Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Nana. Nan uwarki ta yi ƙarya. Iya ba ta taɓa tsoron kare ba, karnuka ne ke tsoronta."

Nana ta ce, "To in gyara, Inna?"

Inna ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "A'a, bar mata abinta. Ci gaba."

Allah ya jiƙan Yaya Hafsatu, ya haɗa ta da Iya a inda babu ciwo, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.