Ihun Mis Doreen

A duk birnin Orlando babu macen da na taɓa yi wa ƙyashi kamar Doreen Vasko, kuma in ka gan ta sai ka rasa abin yi wa ƙyashin. Gajeruwa ce mai jiki, ta haura hamsin da kyau, furfura ta cika mata kai ta ƙi rinawa, kullum ƙafarta cikin takalmin roba irin na ma'aikatan asibiti. Bas ɗin makaranta take tuƙawa, yara da iyayensu duk Mis Doreen suke ce mata. Ba ta fi ni kyau ba, ba ta fi ni gida ba. Abu ɗaya ta fi ni, tana jin tsoro, ni kuwa nawa ya ƙare tuntuni.

Sunana Noelia Quiñones, ni ke amsa waya a wani asibitin haƙori. Tun ina budurwa nake zuwa wasan tsoro na Halowin a babban wurin shaƙatawa na bayan gari. Daga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba ake gina gidajen tsoro, a cika su da hayaƙi da dodanni, wato mutane masu fuskar roba da jinin ƙarya waɗanda aikinsu su faɗo maka daga lungu. Sama da shekara ashirin ban taɓa fashi ba. Na san inda ake ɓoye ƙofa, na san ƙarar da ke zuwa kafin dodo ya fito, ko warin fenti na shaƙa zan gaya maka sabon ɗaki ne ko tsohon bara aka sake wa labule. Sanin nan ne ya cuce ni. Yanzu sai in ratsa gida tun daga ƙofa har ƙarshe ko gezau, kamar mai zagaya kanti.

Doreen daga Ohio ta zo bayan rasuwar mijinta Stan, wanda ta yi jinya ita kaɗai har ya cika a hannunta. Ta kama gidan da ke jikin nawa. A rayuwar yau da kullum ban taɓa ganin mace mai taurin zuciya irinta ba. Maciji ya taɓa shiga ƙarƙashin kujerar bas, yara na ta kururuwa, ta sa tsintsiya ta share shi waje ta ci gaba da tuƙi. Lokacin babbar guguwa ita ta yi ta kwashe tsofaffi zuwa mafaka, ruwa na dukan gilashi, tana raira waƙar cocinsu. Akwai ranar da ɗan kada ya kwanta a bakin kwatar layinmu, maza suka tsaya nesa suna ɗaukar hoto, ita kuwa ta wuce ta gabansa da kwandon shara tana ce masa ya matsa.

Ni na kai ta wurin wasan tsoron da hannuna, kuma har yau ina cizon yatsa. Wata shekara ƙanwata ta fasa zuwa, na leƙa ta katanga na ce, "Doreen, zo ki raka ni." A raina na ce ga wadda za mu yi ta hamma tare.

Ba mu ma shiga gidan farko ba ta kwarma ihun da sai da na toshe kunne. Na waiga in ga dodon da ya yi wannan aiki, ashe mai shara ne ya fito daga cikin hayaƙi da tsintsiyarsa. Shi ma bawan Allah sai da ya yi tsalle.

Dodanni kuwa suna da hanci. Mai ihu suke bi, kamar ƙudaje da kankana. Daga ranar nan duk inda Doreen ta sa ƙafa sai ka ga sun taso ta ko'ina, mai zarton inji, mai shigar amarya da rabin fuska, mai tafiya a kan dogayen sanduna, kowa na son rabonsa. Ta yi ihu, ta durƙushe, ta riƙe rigar baƙon da ba ta sani ba, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Ni fa? Mu tsofaffin zuwa, in dodo ya gane fuskarka, sai ya ɗan sunkuyar maka da kai ya wuce. Girmamawa ce wai. Ni ban biya in zo a gaishe ni ba.

Muna da ƙungiyarmu ta masoya wasan, duk ranar Lahadi da hantsi muke haɗuwa a wani gidan cin abinci, mu sha kofi mu yi ta musu. Babban mai bakinmu Lamont Gaskins, wani dogo mai gyaran wayar lantarki, wanda bai taɓa yarda gidan bana ya kai na bara ba.

"Gidan Jirgin Ruwa shara ne," in ji shi. "Hayaƙi suka cika don su ɓoye ba su gina komai ba."

"Kai dai ka ji da bakinka," na ce. "Ɗakin injin fa? Ka ga yadda suka karkata daɓen?"

"Daɓe! Noelia, daɓe kika zo kallo? To, Mis Doreen, ke wanne ya fi?"

Ta ajiye cokali ta dafe ƙirji. "Wayyo, ɗan nan, duka! Na Jirgin Ruwan nan ai na ɗauka a can za a ɗauko gawata."

"Makon jiya haka kika ce da na Gonar Kabewa."

"Shi ma haka ne!"

Mutanen teburin suka kwashe da dariya, kowa na sonta. Ni na kawo bayanin daɓe da fitila da lokacin fitowar kowane dodo, ba wanda ya tanka. Ita ta ce "duka", sai ga mutane suna rige-rigen wa zai shiga layi kusa da ita. Kofin nan da ƙyar na haɗiye shi.

Dodo ɗaya ne ya rage da nake sa rai a kansa, Mahauci. Sunansa na gaskiya Clifton Baptiste, sauran watannin shekara gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, amma a cikin wurin ba a kiran dodo da sunansa, wannan doka ce ko yaro ya sani. Shi ya fara razana ni a duniya. Ina 'yar sha tara ya faɗo mini daga bayan naman roba da aka rataye, na ruga na bar takalmi ƙafa ɗaya, na kwana ina jin ƙarar adda a kunnena. Daɗin wannan ranar nake bi duk shekarun nan ban sake samu ba. Shi ma ya daɗe da komawa sunkuyar mini da kai.

Bana sai labari ya zo cewa gwiwoyinsa sun gaji, ranar rufewa zai ajiye adda. An ma mayar da shi zagayen farko, tun da sauran rana, don ya samu ya tafi gida da wuri. A al'adarmu, in tsohon dodo zai yi ritaya, masoya kan taru su shiga a zagayensa na ƙarshe, a bar wa mutum ɗaya razanar ƙarshe. Ba kyauta ce da ake bugawa a jarida ba, amma a wurinmu ta fi lambar yabo. Ni kuma na ƙudurce a raina cewa in akwai sauran tsoro a jikina, wannan mutumin ne zai tono shi, in bai tono ba shi ke nan.

Lamont ne ya ɓata mini rai. "Ni dai a ganina a ba Mis Doreen," ya ce. "A sallami dattijo da ihu na gaske."

Na zaburo na ce, "Shekararta nawa da fara zuwa? Ta san ma ta wace ƙofa yake fitowa?"

"Ba sanin ƙofa ake nema ba, 'yar uwa. Ke rabonki da ihu tun wayoyi na da maɓalli."

Kafin in ba shi amsar da ta dace da shi, Doreen ta dafa hannuna. "A'a, Lamont. Na Noli ne. Ita ta san shi tun ba ni nan." Ta faɗa da zuciya ɗaya, ba ko ɗigon gori. Wannan ma ya ƙara ƙona mini rai, don ko faɗan kirki ba ta bar ni na yi ba.

Samun razana a gidan tsoro dabara ce. Mutane a jere suke tafiya, ƙeya da goshi. Dodo ya faɗo wa na gabanka, sai ya koma lungunsa ya ja numfashi, kai da ke biye bayansa kawai za ka gani. Don haka mu da muka san kan abin muke buɗe tazara. Ka rage sauri, ka yi kamar igiyar takalminka ta kwance, ma'aikaci na haska maka tocila yana cewa a matsa, kai kana jan ƙafa har na gaba su ɓace, ɗaki ya zama fayau, dodo ya shirya tsaf. Sai ka shiga kai kaɗai.

Ranar rufewa muka shiga layi rana ba ta gama faɗuwa ba. Ni a gaba, Lamont da sauran a tsakiya, Doreen can baya don kada ihunta ya janye shi. Muka ratsa ɗakin sanyi, muka ratsa wurin ƙugiyoyi. A bakin mayanka na durƙusa kan takalmina. Na buɗe tazarar da ban taɓa buɗe irinta ba. Na miƙe, na ture labulen roba, na shiga.

Ya fito. Ya san ni ce, kuma wallahi bai rage komai ba. Bai bi ta ƙofarsa ta kullum ba, ta ƙarƙashin teburin yanka ya ɓullo, da gwiwoyin nan nasa, ya daki ƙarfe da adda har wuta ta yi tartsatsi, ya yi ruri a saitin fuskata, ina jin hucin numfashinsa.

Ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne, ashe sun cire allon gefen tebur, dabara mai kyau.

Na jira cikina ya ɗuri ruwa, shiru. Na jira tsikar jikina ta tashi, shiru. Da na ga abin zai zama abin kunya sai na buɗe baki na yi ihu, wani siririn ihu na ƙarya kamar na wadda ta taka ruwan sanyi. Mutumin da ya shekara talatin yana sauraron ihu ba a yi masa wannan. Ta ramin fuskar robar na ga idanunsa, na ga ya gane. Sai can daga baya, bayan labule, bayan mutum kusan goma, muryar Doreen ta tsage gidan. Ƙarar addar kawai ta jiyo. Mahauci ya ɗaga kai wajen muryar, kafaɗunsa suka motsa kamar mai dariya. Ya sunkuyar mini da kai, ya koma lungunsa.

A waje ƙungiya ta yi ta tafi ana bubbuga mini kafaɗa. Na sulale na sayi soyayyen dankali, na zauna a benci kusa da mai sayarwar, na cika na yi fam. Doreen ta zo ta zube kusa da ni, fuskarta jawur.

"Noli, kin more," ta ce. "Wallahi ina ƙyashinki."

Na juyo na harare ta. "Ke? Ni?"

"Ke mana. Ke komai kina gani. Ni tun daga ƙofa nake runtse ido, in kama rigar na gabana, ba na buɗewa sai na ji iskar waje. Duk abin da kuke musu a kai, daɓe ne, fitila ce, ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa duka." Ta share hawayen dariya. "Yanzu ga shi Mahauci ya tafi, ban taɓa sa shi a ido ba. Don Allah yaya yake?"

Na gyara zama. Sai na fara gaya mata, da muryar da nake karanta wa mutane ranar ganin likita. Na ce dogo ne, ya sa rigar fata ta mahauta har gwiwa. Na ce fuskar an ɗinke ta da baƙin zare daga kunne zuwa baki, ido ɗaya fari fat. Na ce yau ta ƙarƙashin tebur ya fito, hannu ya fara leƙowa, a hankali, yana laluben ƙafar mutum.

Doreen ta ɗage ƙafafunta sama ta kwarma ihu. Dankalin da ke hannuna ya watse a ƙasa, mai sayarwa ya leƙo, wasu dodanni biyu da ke wucewa suka yi kwana suka nufo bencinmu da gudu. Ta ƙanƙame hannuna tana dariya, tana cewa in ci gaba, in ci gaba.

Ni na tsaya a gaban Mahauci na dawo hannu wofi, ita daga bakina ta samu razanar. Dodannin suka iso suka kewaye ta. Ɗayansu ya gane ni, ya sunkuyar mini da kai.