Ranar da Madarar Kakana ta Tsinke

A lokacin ina da shekara goma sha biyar, ina koleji a nan Gaya, kuma duk unguwarmu babu mai bakina. In na ga ɓera a hanya, kafin in iso gida ya zama kura. Muna zaune da kakana na wajen uwa, tsohon masunci da ya bar kogi amma bai bar shayi ba, har sai da likita ya ce tansiyonsa ya hau, wato hawan jini, ya hana shi shayi da kofi.

Kawuna direban babbar mota ne. A dawowarsa ta ƙarshe daga Kotonu, kafin sojoji su karɓi mulki a rufe gadar Malanbil da ke kan iyaka, ya kawo kwali biyu na wani jan ganye wai shi ruyibos, wanda ba ya tayar da zuciya. Ni aka ba aikin haɗawa. In dafa ganyen, in tace, in dama madarar gari da ruwan ɗumi, in yi ta juyawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, in ɗiga zuma. Kaka ya kurɓa ya ce amaryarsa ta kori masu shayin tasha daga aiki.

Bakina ne ya ja mini. Na gaya wa ƙawayena cewa irin jan shayin nan matan ministoci ke sha, fatarsu ta yi ta sheƙi. Su biyar suka riƙa biyo ni gida bayan an tashi lakkwal, wato makaranta, ina haɗa musu. Kafin in farga kwali na biyu ya ƙare, ga gada a rufe. Sai na ɗebi shayin karin kumallon Inna, mahaifiyata, na cika shi da madara da zuma, na ce a raina ai shayi shayi ne.

Kwana huɗu Kaka yana sha. Ya daina barcin rana, carbi yana rawa a hannunsa, ya ce kamar ana kaɗa kalangu a ƙirjinsa. Na ji tsoro, amma na fi tsoron faɗan Inna. Rana ta biyar ya ce jan shayin ya koɗe, sai na jefa zoborodo a tukunya don ya yi ja. Ina zuba madara ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji kamar awara. Inna ta leƙa kofin, ta tambaye ni ina kwalin. Duk bakin nan nawa, wannan karon gaskiya na faɗa mata.

Nan ta gaya mini cewa da safiyar nan Kaka ya kira Kawu, ya raba kwale-kwalensa da taru, ya faɗi inda yake so a binne shi. Wai tunda shayin lafiyar ma bai kwantar masa da zuciya ba, lokaci ne ya yi.

An kai shi asibiti, cikin kwana biyu ya samu sauƙi. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce da na tambaye shi, da shi da kansa zai ba ƙawayena kwalin. Yanzu ganyen kinkeliba yake sha da madara, ni ke haɗawa, amma Inna ce ke miƙo mini ganyen da hannunta.

'Yan'uwana masu kula da tsofaffi, in abin da likita ya yarda da shi ya ƙare, ku ce ya ƙare. Tsoho ba ya zargin kofin da jikarsa ta miƙa masa. Jikinsa zai zarga, ya fara sallama da mutane.