Kunya Uku da Kuturta Ta Tsallake

Wata safiyar Laraba cikin watan Agusta, shekarar da na shiga aji huɗu, na bi kakata Inna Delu zuwa gayaunarta ta gyaɗa a bayan ƙauyenmu, can wajen Surko. Tun daga bakin gona na ga abin da ya hana ta barci. Kuturtar gyaɗa ta cinye wurin. Ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, kowane tushe ya tsugune ya ƙi girma. Amma a tsakiyar wannan ɓarna ga kunya uku kore shar, furanninsu a buɗe, kamar ba su ji labarin abin da ya sami maƙwabtansu ba. Na tsaya baki sake, har ƙwaryar furar da na ɗauko ta kusa suɓuce mini.

Wannan gyaɗa ita ce rayuwar Inna. Da ita take matsar mai, take soya ƙuli-ƙulin da muke kaiwa kasuwa, mu kuma jikoki muna lashe tunkuza a bakin turmi. Babana ya yanke shawarar a bi gonar da garma a shuka wake tun damina ba ta ƙare ba. Mutanen gari kuwa suka ƙara masa ƙarfi, wai tsiron da ya ƙi mutuwa cikin matattu ba banza ba, aljanu ne ke kwana a wurin. Inna ta yage tsohon zanenta ta ɗaɗɗaura wa tushen nan ƙyallaye don a gane su, sai maganar aljanu ta ƙara kauri. Yara suka daina bi ta gefen gonar ko da akuyarsu ta shiga.

Ita dai ta tuna cewa da iri ya ƙare mata lokacin shuka, kunyoyin nan ne ta cike da ɗan irin da ƙanwarta ta kawo daga Gwaram. Ranar huɗa ta dasa ni a tsakiyarsu ta ce, "Hajara, ko shanun sun taho kanki kada ki gusa. Ubanki ba zai bi ta kan 'yarsa ba." Na tsaya ina jin hucin bijimai, ina kuma tsoron aljanu ta ƙasa. Baba ya iso ya dube ni, ya dubi tsohuwarsa, ya girgiza kai ya karkatar da garma.

Da kaka abin da aka tono bai cika kwando ba. Inna ta shanya shi a kwansonsa, ta zuba a tulu ta liƙe baki da laka. Ko ƙwaya ɗaya ba mu ɗanɗana ba, ni da na yi gadi ma harara kawai na samu. Bayan damina biyu muna shuka irin tulun nan cutar ta dawo, amma gonarmu ta tsaya kore daga wannan kai zuwa wancan. Waɗanda suka yi zancen aljanu su ne suka fara sallama da ƙoƙo a hannu.

Sai da na girma ɗan ƙanena mai karatun aikin gona a jami'a ya bayyana mini cewa ƙarfin ture cutar gado ne da ke cikin ƙwayar, uwa na miƙa wa 'ya. Masu bincike kan nemo irin wannan tsiro su haɗa shi da mai yawan 'ya'ya, har a sami wanda ya gaji duka biyun. Maimakon bayanin ya rage mini mamaki, sai ya ƙara shi. Allah mai iko, a ce maganin yana kwance cikin abin da muke taunawa muna wasan carafke!

Yau a Birnin Kudu ingantaccen iri a leda ake sayo shi, kuma ina murna da hakan. Tulun Inna ya daɗe da fashewa, ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Amma har yanzu in na ɓare gyaɗa, nakan ɗan dube ta kafin in kai baki.