Muryar Baba da Ba a Ɗauka Ba

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta da ranar da muka je ɗaukar waƙa a birnin Guangzhou na Caina ba. A lokacin ina aikin tura kaya a unguwar Xiaobei, ran Lahadi kuma in je rera waƙa a wata ƙungiya. Yawancinsu 'yan Caina ne, baƙar fata mu biyu ne kacal: ni mutumin Jos, sai wani dattijo Kirista ɗan Maraɗi da nake kira Baba. Waƙoƙin coci muke yi irin na Turawan dā, da kayan kiɗan zamaninsu, goge manya da ƙanana masu tsirkiyar hanjin tumaki.

Baba yana da murya mai kauri, in ya sake ta har cikin ƙirjinka za ka ji. Sai likita ya gano ciwon daji a maƙogwaronsa, ya sa ranar da za a yi masa aiki, ya kuma gaya masa ƙiri-ƙiri cewa shi da waƙa har abada. Burinsa ɗaya ya rage: a ɗauki baitin da yake rerawa shi kaɗai, ya bar wa jikokinsa.

Ranar ɗaukar waƙar ta faɗo a lokacin da garin ke yin gumi, bango na tsatsafo da ruwa, wanki ba ya bushewa. Aka kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ƙararta ta shiga faifai. Malaminmu ya ce a fara da gwaji kamar yadda aka saba, a gwaji kuwa ba a kunna na'urar ɗauka. Al'ada ce da ba wanda ya taɓa tambayar amfaninta, har yau kuma haushinta nake ji.

Baba ya miƙe ya rera. Ban taɓa jin ya yi irinta ba. Tsigar jikina ta tashi, wata mai goge ta sauke hannu tana share hawaye. Da ya kai ƙarshe malam ya waiga wajen mai na'urar ɗauka. Shi kuma ya girgiza kai ya ce, "Meiyou." Wato babu, bai ɗauka ba.

Aka ce to, yanzu a ɗauka da gaske. Ana farawa tsirkiyar babban gogen da ke raka Baba ta tsinke, danshi ya cinye ta. Sabuwar da aka ɗaura kuma sai ta yi ta saki, a ɗaure ta sake saki. Muna tsaye muna zufa, Baba na kurɓar ruwan ɗumi.

Na ce, "Baba, zauna ka huta mana."

Ya ce, "Ɗana, ina jin muryar tana tafiya. Ka ce su yi sauri."

Da gogen ya daidaita, muryar ta riga ta dishe. Ya gwada, ta karye a tsakiya. Ya sake, ta karye a wuri guda. Sai tari ya sarƙe shi, na ga jini a hankicinsa. Ya ninke shi ya sa a aljihu, ya ce, "Ya isa." Wani saurayi ɗan Caina ne ya rera baitin a faifan.

Bayan aikin Baba ya koma Maraɗi, magana ma sai da raɗa. Jikokinsa ba su san muryar kakansu ba, sai labarinta.

Tun daga ranar na daina yarda da maganar gwaji. Duk abin da mutum ya ba ka da iyakar ƙarfinsa, ka karɓa a karon farko, don ba lallai ne yana da na biyu ba.