Baba Meshach, Wanda Ya Ara Mini Yatsansa

Ranar Talata, 11 ga Nuwamba, 2025, ina tsakiyar aiki a asibitin da nake aikin jinya a Ingila, ƙanena Innocent ya kira ni daga Kwali. Ya ce, "Yaya Hannah, ki yi haƙuri, Baba ya tafi gida." Baba, daga gonar doya ka dawo, ka ce ƙirji ya riƙe ka. Kafin a samo mota, rai ya yi halinsa.

Baba, mutane sun faɗi alherinka a wurin jana'iza: irin doyar da kake ba matan da mazansu suka rasu, da rikicin iyakar gona da kake kashewa a ƙofar gidanka. Ni abin da zan faɗa dabam ne, kuma 'yan gida da amininka kaɗai suka san shi.

Mu 'yan Najeriya da ke zaune a waje ba mu da damar jefa ƙuri'a sai mun zo gida, kuɗin jirgi kuwa ba wasa ba ne. Zaɓen farko bayan tafiyata na yi ta yi maka mita a waya, ina cewa ƙasata ta san ni wajen aiko kuɗi, ta manta da ni ranar zaɓe. Ka bar ni na gama, sannan ka ce, "To oga, wa kike so? Ni na yi nawa tun kafin a haife ki. Yatsan nan na ara miki."

Na ɗauka wasa ne. Ashe da gaske kake. Tun daga ranar, duk zaɓe sai ka kira ni mu yi gardama, sannan ka je makarantar firamare ka bi layi. Fartanya ta cinye zanen yatsanka, na'ura ta sha ƙin karanta shi, amma ba ka taɓa yin zuciya ka koma gida ba. Kana fitowa sai Innocent ya ɗauki hoton babban yatsanka da tawada a farce, ka sa a rubuta, "Hannah, ga yatsanki."

A zaɓen da ya wuce mun saɓa sosai. Ka ce, "Mutumin nan naki, ko doya ɗaya ba zan ba shi ajiya ba." Duk da haka inda na ce, nan ka dangwala. Amininka Malam Mubarak ya yi ta tsokanarka wai 'ya ta mayar da uba ɗan aike, kai kuma ka ce masa ɗan aike ba ya buɗe saƙo.

Na riga na nemi hutu domin zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu. Katina na zaɓe yana nan tun kafin in tafi, kuma mun yi alkawari za mu bi layi tare, kowa da yatsansa. Sai ga shi jana'izarka ce ta kawo ni. Kafin a rufe akwati na riƙe yatsan nan, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Na yi rashin uba, na kuma yi rashin wanda yake tsaya mini a ƙasata.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mama Rosemary, da Innocent, da Malam Mubarak, da dukan mutanen ƙauyenmu. Allah ya ta'azantar da mu. Ubangiji ya gafarta maka, ya ba ka hutawa a wurinsa.

Ba zan soke hutun ba, Baba. Malam Mubarak ya raɗa mini wanda kake so ya zama kansila, kuma gaskiya bai kwanta mini ba. Amma nan zan dangwala. Daga layin zan wuce kabarinka da tawadar a farcena, in ce maka, "Baba, ga yatsanka."