Yaya Ishaya da Turancin da Ya Gudu Ya Bar Shi

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Ishaya a Birmingham. Ina wannan rubutu ne daga Moss Side a Manchester, inda nake aikin kula da tsofaffi. Na daɗe ina so in yi maganarsa a fili, nauyin abin ne yake hana ni.

Malamin Turanci ne a wata sakandare a Zariya kafin ya zo Ingila. Ya zo ne ya zurfafa karatu a kan tarihin harshen, daga inda ya faro zuwa yadda ya zama abin da muke ji yau. Karatun bai ƙare ba. Iyali suka biyo shi, takardun zama suka ja shekaru, makarantun nan kuma suka ce shaidar koyarwarsa ta gida ba ta isa ba. Mutumin da yake karanta Turancin dā, wanda yawancin Turawa ba sa iya fitar da ko layi ɗaya a cikinsa, sai ga shi yana tuƙa bas a titin Stratford Road a Birmingham. Komawa gida kuwa kullum sai baɗi. Bari 'yarsa ta gama firamare, bari ta gama jami'a.

Bai daina koyarwa ba, ɗalibai ne ya rasa, sai ni. Duk Lahadin da na je wurinsu a unguwar Sparkbrook, da an taso daga coci an zauna cin tuwo, darasi ya fara. A bakinsa na ji cewa wasu ƙabilu ne suka tsallako teku da tushen harshen, daga baya mayaƙan arewacin Turai suka zo suka zuba nasu kalmomin. Shi ya gaya mini cewa "chester" ɗin da ke wutsiyar sunan garin da nake zaune sansanin sojan Romawa yake nufi. Amma labarin da ya fi so shi ne na lokacin da Faransawan Normandi suka ci Ingila da yaƙi. Shekaru aru-aru, in ji shi, a fada da kotu Faransanci ake yi, Turanci ya koma yaren manoma da barori. Yakan nuna naman da ke cikin miya ya ce, "Talatu, saniya in tana raye a saura sunanta cow, kalmar makiyayi ke nan. Da an yanka an kai gaban mai gida ta zama beef, kalmar Bafaranshe."

Na taɓa tambayarsa yadda aka yi harshen bai mutu ba a wancan zamanin. Ya ce, "Iyaye ne. Da shi suke yi wa 'ya'yansu magana a cikin gida."

Amsar nan tana ci mini rai har yau, domin a nasa gidan Yaya ya hana Hausa. 'Yarsa ɗaya ce, Rahila. Ya ce ba ya so a ji wani abu a bakinta da zai sa a rufe mata ƙofa kamar yadda aka rufe masa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta yi ta fama da shi har ta haƙura. Rahila ta tashi da Turancin Birmingham tsantsa, ta yi karatu, tana aiki a ɗakin magani na asibiti. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba.

Wata safiya Yaya yana shirin fita aiki ya yanke jiki ya faɗi a kicin. Shanyewar ɓarin jiki ce. Da ya farfaɗo, Turancin ya tafi daga bakinsa. Yana jin abin da ake faɗa, amma in ya yunƙura zai amsa, Hausa ce kawai take fitowa, ita ma da ƙyar, irin ta tsakar gidanmu. Likita ta ce hakan yana faruwa, wataƙila ya dawo. Bai dawo ba. Ya yi fiye da shekara a gidan kula da marasa lafiya, cikin ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Sai ya ce ƙishirwa yake ji, su kuwa ma'aikata su ƙaro masa bargo. Ma'aikatan mutanen kirki ne, suna masa magana a hankali da ɗaga murya, kamar wanda bai taɓa jin Turanci ba.

Kowace Asabar nake hawo mota daga Manchester in zama tafinta tsakanin uba da 'ya. Rahila takan riƙe hannunsa mai lafiya, amma bakina take kallo. Wata Asabar ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce da ni, "Gaya mata ni na cuce ta. Na sani, kuma na hana ta Hausa. Ta yafe mini. Sannan ku kai ni gida."

Rahila ta tambaye ni da Turanci, "Anti, me ya ce?"

An riga an gaya mana ba zai iya hawa jirgi ba. Ita kuma ta rame, tana aiki, tana jinya, ga goyo. Sai na ce mata, "Ya ce yana alfahari da ke." Na manta cewa kunnensa yana nan daram. Ya ji abin da na faɗa. Ya dube ni, ya juya fuska ga bango, bai sake tayar da maganar ba har ya rasu bayan 'yan makonni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kwanan nan a bas ɗin Stockport Road na ji 'yan makaranta, farare da baƙaƙe, suna jefa "wallahi" a tsakiyar Turancinsu. Na san da ya yi dariya ya ce harshen nan har yanzu bai ƙoshi da kalmomin baƙi ba. Yanzu kuma waya tana fassara Hausa, ko da a karkace. Da a lokacin akwai ta haka, da an ba shi ruwa in ya nemi ruwa, da kuma Rahila ta ji maganar ubanta ba sai ta biyo ta wurina ba.

Bana, a bakin kabarinsa, na gaya mata gaskiya. Sai ta ce in maimaita mata da Hausa, daidai yadda ya faɗa, kalma bayan kalma. Na maimaita. Ta tambayi yadda ake amsawa, na koya mata. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na yafe." Muryar ta karkace, ta sake faɗa har ta daidaita. Ni ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba tukuna.

In aka auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a ido. Bai rubuta littafi ba, bai sake tsayawa gaban allo ba. Akwai dai mutanen Zariya masu furfura da har yanzu suke kiransa Malam, akwai ni da na san tarihin harshen da nake wanke tsofaffi da shi, akwai 'yarsa da ta karɓi saƙonsa a makare ta kuma amsa. Roƙonsa na biyu, na a kai shi gida, shi ne babu mai cika shi. Yana kwance a ƙasar nan, ni kuma ban ga yadda zan tattara kayana in tafi in bar shi ba.