Lorin Harawa Zuwa Hurumin Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar Suki, ni da ƙanena, a gaban wani tsohon lori da aka lafta wa harawar gyaɗa da karan dawa har ya kusa ninka tsayinsa. A ƙasan kayan akwai buhunan ambaz, wato tunkuzar gyaɗa da ake ba dabbobi. Da yawanku kun ga hotona lulluɓe da tob, mayafin matan wajenmu, a kujerar lori kuna ta tsokanata, wai malamar makaranta ta koma dillancin ciyawa. To ga labarin. Ba mai daɗi ba ne, amma na fi son ku ji shi daga bakina.

Wurin Kawu muka nufa, yayan mahaifiyarmu. Yana zaune a wani ƙaramin ƙauyen Hausawa gabas da Rufa'a, can inda gonakin ban-ruwa suka ƙare, filin kiwo ya miƙe babu iyaka. Tun muna yara shi ke riƙe da hurumin ƙauyen: wani kwari mai baƙar ƙasa da aka kewaye da ƙaya, ba a barin ko akuya ta sa baki a ciki tun daga ruwan farko har ciyawa ta zubar da iri. Yadda yake gane lokaci ya yi kuwa, sai ya sa farar jallabiyarsa ya ratsa kwarin da hantsi. In ya fito bakin rigar ya kwashi 'ya'yan harkiya da guɗe-guɗe, to ya janye reshen ƙayar da ke ƙofa, shanu su shiga. In ya fito fes, kowa ya koma gida ya ƙara haƙuri. Haka ya gada daga mahaifinsa.

Shekarun nan na yaƙi sun canza lissafin. Mutane sun gudo da garkensu daga ko'ina, suka taru a wuri guda, aka cinye filin tun ciyawa ba ta kai ga yin kai ba, damina bayan damina. Ciyawar wajen nan kuwa ba ta da saiwar da ke kwana a ƙasa, kowace shekara daga iri take tashi. Inda aka hana ta yin iri sau biyu sau uku, shi ke nan. Hurumin Kawu kaɗai ya rage da iri a duk yankin. Bana ruwan farko ya sauka, hurumi ya yi tsiro, shanun ƙauye kuma suna faɗuwa saboda yunwa suna kallon kore ta tsakanin ƙaya. Mutane suka matsa wa Kawu ya buɗe. Ya hau kan tudu inda waya ke shiga ya kira mahaifiyarmu, dangi suka haɗa abin da ya samu aka sayi harawa, shi kuma ya tsaya gaban jama'a ya ce su ba shi zuwa Juma'a, 'ya'yan ƙanwarsa na tafe da lori. In Juma'a ta yi ba mu zo ba, shi da hannunsa zai janye ƙayar. Ranar Laraba muka tashi, ga lokaci har da rara.

Hanyar Sinnar ba ta ba mu wahala ba, sai dai ramuka da shingayen bincike. A kowane shinge sai an hau an soka sanda cikin harawa, ƙanena kuma sai ya sauko ya gyara igiya yana ƙunƙuni, kai ka ce shi ya shuka gyaɗar. Mutumin da a gida ko butarsa ba ya iya ɗaukewa daga tsakar gida. Mun yi karin kumallo a wata rumfa a Sinnar, wake dafaffe da man riɗi da burodi, muka kora da shayin wata mai shayi da ta ce daga Madani ta gudo, har yanzu ba ta koma ta ga ko gidanta na da ƙofa ba. Komai ya yi tsada. Burodin ya ƙanƙance har ƙanena ya ɗaga shi sama ya tambayi mai rumfa ko uwarsa na ciki. Daga nan zuwa Madani gefen hanya duk ƙonannun motoci ne da shagunan da aka cire wa rufi. Direba ya kashe rediyo.

Mun haye kogi muka bi gabas, muka shiga Rufa'a ana kiran azahar. A nan tafiyar ta karkace.

Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, a Rufa'a take aure. Mijinta ya rasu lokacin da hanyoyi ke rufe, ba wanda ya samu zuwa daga Suki. Kun san halinmu. Ba a wuce garin da ake bin ka gaisuwar mutuwa, ko shekara nawa aka yi, sai ka shiga ka ɗaga hannu an yi Fatiha. Na ce wa direba minti kaɗan ne. Yaro ne ɗan unguwarmu, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu, hala yake kirana, wato inna. Ya leƙa sama ta gabas ya ce, "Ya hala, wannan sama ba kwayyis ba ce, ba ta yi min kyau ba. Mu kai kayan, in mun dawo ki yi Fatiharki." Na ce masa shi yaro ne bai san zumunci ba. Har ga Allah haka na gani a lokacin.

Gwaggo na ganinmu ta rungume ni ta fashe da kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Ta rame, ta tsufa a shekara biyu tsufan da ya kamata ya ɗauke ta goma. Bayan Fatiha muka miƙe, ta riƙe min tob. "Ku wuce ƙohwata da lori kamar baƙi? Wallahi ba ku tashi sai kun ci abinci." Aka ɗora kisra, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa. Kafin a sauke, labari ya zaga unguwa cewa 'ya'yan wane sun zo daga Suki. To maƙwabciyarta ma ta rasa ɗa, mai kallon gidansu ya rasa uwa, limamin da ya raɗa wa ƙanena suna shi ma ya tafi. In ka shiga gida ɗaya ka tsallake na kusa da shi, ka yi abin da za a daɗe ana faɗa. Muka bi gida gida, kowane gida da kofinsa na gahawa da labarin yadda aka yi jana'iza a gaggauce. Muna gida na ƙarshe, bayan la'asar, iska ta kaɗa labulen ƙofa, ƙamshin ƙasa ya shigo.

Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, har magariba. A wani lokaci da sai mu yi murna. Amma daga Rufa'a zuwa ƙauyen Kawu babu kwalta, baƙar laka ce wadda in ta sha ruwa ko jaki sai ya yi tunani. Da safe muka gwada, ba mu yi nisa da gari ba lori ya nutse har gindi. Aka yi ta haƙa ana cusa kara a ƙarƙashin taya, wani mai tarakta ya janyo mu baya. Wayar Kawu ba ta shiga. Juma'a ta same mu a tsakar gidan Gwaggo, ina jin huɗuba daga masallacin unguwa.

Sai ranar Lahadi ƙasa ta yi ƙarfin ɗaukar mu. A wannan hanya na ga abin da Kawu ya daɗe yana faɗa ban gane ba. Ruwa ɗaya aka yi wa ko'ina, amma ba ko'ina ya sha ba. Kusa da rijiyoyi da mashaya, inda kofato ya daddaɓe ƙasa, ruwan ya kwanta a sama yana ƙyalli, rana na shanye shi a banza. Mun tsaya ƙara wa injin ruwa, na kankare wurin da tsinke, ƙasan a bushe yake ƙamas. Babu abin da ya fito sai tafasa da tumfafiya, waɗanda ko akuya sai ta rasa yadda za ta yi take kula su. Amma ƙarƙashin kowace ƙaramar ƙaya, inda baki bai kai ba kuma busasshiyar ciyawar bara ta rufe ƙasa, sai ka ga kore ya yi da'ira, ƙasar da laushi da sanyi har zurfin yatsa. Shanun da muka wuce kuwa ƙashi ne da fata. Wata an tallafe ta da itace biyu a ƙarƙashin ciki, maza huɗu na ƙoƙarin tsayar da ita.

Mun shiga ƙauye da hantsi, yara na bin lori da gudu. Kawu na zaune bakin masallaci. Ya miƙe da ƙyar, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Kun taho lahiya, ɗiyata? Hamdilla alas salama. Ruwa ya tare ku ko?" Na ce ruwa ne, Kawu, amma Fatiha ce ta fara tsayar da mu a gidan Gwaggo. Ya gyaɗa kai. "Kun kyauta. Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki ne."

Shi ya ce in zo mu je hurumin in gani. Ƙayar ƙofa na gefe a yashe. Ya ce bayan sallar Juma'a mutane suka tsaya a bayansa, ba wanda ya ɗaga murya. Saniyar wata bazawara mai marayu ta faɗi tun safe, ita ce nonon gidan. Ya dubi hanya har rana ta karkata, sannan ya je ya cika maganarsa.

Kwarin ya koma kamar wurin da aka kwaɓa ƙasar gini. Ruwan da ya tare mu shi ya jiƙa shi sharkaf, dabbobin ƙauye da na baƙi suka shiga a kai. Kawu ya tsuguna ya tsinto wani ɗan tsiro daga cikin sawun kofato, da farar saiwarsa da ba ta kai tsawon farce ba. "Kin gani? Haki in shina ƙarami ga ƙasa da ruwa, nagge ba yanke shi takai ba, tuge shi takai da saiwa. Da ƙasa ta bushe ma, da wani ya tsira." Haki shi ne ciyawa a bakin tsofaffinmu, nagge kuma saniya. Na tambaye shi ko wani zai sake fitowa in an ƙara ruwa. Ya ce irin da ke ƙasa duk ya tashi a ruwan farko, abin da ya rage kaɗan ne. Kuma dabbobin ba su ma ƙoshi ba, don tsiron duk ruwa ne, zawo kawai ya sa su. Saniyar bazawarar ta mutu washegari. A nan na yi kukan da ya fi na Rufa'a, shi kuma ya tsaya yana jira in gama.

Da rana aka sauke kaya. Kawu ya zauna kan buhu ya raba harawa gida gida, ya fara da bazawarar, ya ce ta ba awakinta. Mutane sun yi ta godiya da sa albarka, kuma kayan za su riƙe abin da ya rage na shanun har wani lokaci. Wata tsohuwa ta kawo mana nono a ƙwarya, ɗan kaɗan a ƙasa, na san daga bakin jikokinta ta rage shi. Ƙanena, mai surutun nan, bai iya sha ba.

Da za mu tafi washegari, Kawu ya rako mu har bakin lori. Ya jawo ni gefe, ya rage murya kamar mai jin kunya. "Ɗiyata, can wajenku bakin kanal na ban-ruwa, harkiya na fita har yanzu?" Na ce tana fita, har cire ta ake yi ana zubarwa. Sai ya ce, "In ta nuna, ki sa a karkaɗo mani irinta, ko rabin buhu ne. Ki aiko da mai zuwa. Kada ki hwaɗa ma mutane, sai su ce tsoho ya zare."

Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba. Mun shiga Suki da yamma, mahaifiyarmu na bakin ƙofa tana jiranmu.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na tashi ina jin cewa ciyawa ruwa kawai take so. Ashe bayan ruwan tana son a ƙyale ta na 'yan kwanaki, kuma 'yan kwanakin nan su ne a cikin lorinmu. Ban ce zumunci laifi ba ne, gobe ma in na bi ta Rufa'a zan shiga gidan Gwaggo. Amma mamatan Rufa'a sun jira mu shekara biyu, da sun ƙara jiran kwana biyu ba su ce komai ba.

Yanzu kullum in na taso daga makaranta ta bakin kanal nake biyowa. Na roƙi masu gonakin wajen su bar min wani ɗan tsiri kada su nome, suna ta dariya suna tambayata me zan yi da ciyawa. Harkiyar ta fara fitar da kai, ba ta nuna ba tukuna. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsaron ciyawar da Allah ke fitarwa da kanta, yau shi ke jiran a aiko masa da ita a buhu.